MURYAR DA AKA GOGE

Shafi na 23

Masu cewa na ɓoye Hasiya kwana huɗu, to ga ta na fito muku da ita. Wanda zuciyarsa ba ta jure ganin jini ya ajiye waya tun yanzu, kada ya zo yana zagina. Wannan shafin na 'yan Kore Mairuwa ne, ku kuka fi kowa cika min kunne.

*

Hasiya ba ta yi sallama ba da ta shiga gidan Baba Ambroise.

Jiya aka yi sadakar arba'in ta ƙanenta Huzaifa. Yau kuma 'yan gurup ɗin Zumuncin Arewa suka taru a rumfar tsohon, shugabansu, don a yanke magana guda: a ware wa masu talla gurup nasu daban, ko a bar su cikin jama'a. Mutum ɗari tara ne a gurup ɗin, daga Dogon Dutsi har Yamai da Kwatano, amma na gari ne suka zo, wajen sittin, maza a benci, mata a tabarma. Lydie sakatariya tana gefen tebur tana ɗaukar muryar taron da wayarta, tana turawa gurup guntu-guntu kamar yadda aka saba, don na nesa su ji.

A tsakiyar tebur ga wayar ƙungiya, 'yar baƙa mai tsagaggen gilashi. Da ita kaɗai ake share saƙo. Mako-mako take zagayawa hannun mutum uku, Baba Ambroise da Mushe Is'haƙa da Basira mai atamfa, kuma doka ce ba ta kwana wajen Dogon Dutsi. Talla sai ranar Juma'a. Wanda ya saka a wata rana, mai riƙe da waya ya share.

Ranar Talatar da Huzaifa ya yi karo da amalanke a kan babur ɗinsa na kabu-kabu, makon Basira ne. Jininsa irin wanda ba a cika samu ba ne. Hasiya ta tura murya gurup tana roƙon jini, ba a yi minti guda ba aka share ta. Kafin labari ya zaga gari da baki, Huzaifa ya cika.

Hasiya ba ƙuri'a ce ta kawo ta ba. Neman Basira ta zo yi.

Mushe Is'haƙa ne a tsaye, yayansu ita da marigayin, uwa ɗaya uba ɗaya. Malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, in yana magana sai ka rantse allo ne a gabansa.

"Jama'a, ni na rasa ƙane, kun sani. Mi yak kashe shi? Talla! Mutane sun gaji. In sunka ga vokal, saƙon murya, ba su buɗewa, sai su ce ai takalmi ne ko maganin basir. Kasuwa daban, gidan zumunci daban. A ware su."

Wata mai saida kwanuka ta ɗaga murya daga tabarma.

"Mushe, in kunka ware mu, wa za ya shigo can? Mu da mu za mu saida ma juna? Masu saye nan suke."

"Wanda ka son saye ya bi ku can."

"Ba mai bi! An yi a gurup ɗin 'yan Tibiri, wata biyu wurin yam mutu."

"Gara wurin ya mutu da mutum ya mutu."

Maza suka yi ta gyaɗa kai. Wasu suka saci kallon Hasiya, don kowa ya san ita ce uwar masu vokal, turaren wuta da yaji take saidawa, kuma muryarta ba ta taɓa yin ƙasa da minti uku. Kwana arba'in ke nan ana yi mata wannan kallon, a rijiya, a kasuwa, a gidan makoki. Ba mai faɗa a gabanta, amma ta ji: tallarta ce ta ci ƙanenta.

Ta tsallake ƙafafun mata har ta tsaya a kan Basira.

"Tashi."

Basira ta ɗago. Ta rame, ido ya faɗa.

"Hasiya, zamna a gama..."

"Na ce tashi! Kwana arba'in ina takaba da bakina saboda Inna. Jiya an gama. Yau sai kin hwaɗa min, gaban jama'a, mi Huzaifa yay yi miki."

Baba Ambroise ya buga sandarsa a tebur.

"Ɗiyata, ba wannan anka taru a kai ba."

"Baba, wannan ne. Ana so a ce talla tak kashe shi. Talla ba ta da hannu. Hannu yag goge muryata, kuma ga mai hannun nan zamne."

"Ban goge ba," in ji Basira a hankali.

Wannan maganar ce ta tsinke igiyar. Hasiya ta damƙi wuyan hijabinta ta finciko ta daga tabarma, ta zuba mata mari har sai da 'yan bayan rumfa suka ji. Basira ta faɗa kan butoci, ruwa ya malale. Kafin ta miƙe Hasiya ta hau ruwan cikinta, ta kama kanta tana bugawa da ƙasa.

"Don na hi ki ciniki? Don wannan? Ki kashe min ƙane don atamhwa?"

Mata suka watse da ihu, takalma suka tarwatse. Biyu suka kama Hasiya ta baya, ta yi wurgi da ɗaya, ta ciji ɗaya a damtse. Yatsanta ya shiga ɗan kunnen Basira, ta ja. Kunnen ya tsage, jini ya biyo wuya ya jiƙa farin hijabi.

Abin da ya ƙara tunzura ta, Basira ba ta rama ba. Hannu kawai take karewa da shi. Mace mai baki kamar reza, wadda ta taɓa zage direban mota tun daga tasha har kwanar kasuwa, yau ana dukanta tana shiru. Hasiya ta ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi, ta ƙara ƙaimi.

Sai ta ji an ɗaga ta sama ta ƙugu an yar gefe. Is'haƙa ne. Bai tsaya nan ba, ya bi ta da mari, baya da ciki, leɓenta ya fashe.

"Mahaukaciya! Kin kunyata mu da talla, yanzu za ki kunyata mu da dambe? Tashi ki tahi gida!"

Hasiya ta tofar da jini.

"Yaya, ni kaka bugu? A kan wadda tak kashe Huzaifa?"

"An bar wagga magana! Allah ya yi kwanansa ya ƙare. Baba, a yi ƙuri'a. Lydie, kashe wanga abu, ba a tura ma duniya hauka."

Yana magana gumi na tsatsafo masa, idonsa na kan Basira ba kan ƙanwarsa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Hasiya ba ta lura ba, jini ya rufe mata ido, amma Baba Ambroise ya lura. Shekara talatin ya yi yana auna jinin mutane a asibiti kafin ya yi ritaya, ya san fuskar mai jiran sakamako.

"Lydie, bar shi shina ɗauka," in ji tsohon. "Basira, kin ce ba ki goge ba. Waya tana hannunki ranan?"

Basira ta tashi zaune tana dafe da kunne. Ta dubi jinin da ke tafinta, ta dubi Is'haƙa.

"Basira," in ji shi. Muryarsa ta sauka ƙasa. "Kin yi rantsuwa."



"Wace rantsuwa?" in ji Hasiya.

Basira ta yi wata dariya marar daɗi, hawaye na zuba.

"Na yi, Mushe. Na dahwa Alƙur'ani. Kwana arba'in ba mai shiga bitikina sayen atamhwa. Ɗiyana an hana su wasa da ɗiyan mutane. Mijina ya ce in tahi gidanmu sai ƙura ta kwanta. Duk na haɗiye, na ce tsohuwa ta rasa ɗa guda, kada in sa ta rasa biyu. Amma ka tsaya kana kallo ana tsaga min kunne, sai da kag ga zan yi magana kat taso? Zan yi kaffara. Azumi ukku ba ya kashe ni."

"Rihe bakinki!"

"Ranan Malanbil nit tahi sarin kaya. Waya ba ta kwana waje, kowa ya sani. Baba ya tahi jana'iza Tibiri. Sai na biya tasha da hantsi, na iske Mushe a fada, majalisar maza ta bayan tasha, shina karta. Na damƙa mishi ita hannu da hannu."

Hasiya ta juyo ta dube ta.

"Ƙarya kike. Yaya shina Ɗan Kassari ranan, taron malamai. Babu rizo can, waya ba ta shiga. Na kira shi ya hi sau ashirin. An je lakkwal, an je gidansa..."

"An je bayan tasha?" in ji Basira.

Ba wanda ya je. Daga bayan tasha zuwa asibiti, ko gurgu ba zai yi minti goma ba.

Wani tela da ke bencin baya ya sunkuyar da kai, ya ce kamar mai magana da takalminsa, "Muna tare ranan. Shi yac ci mu wasa ukku."

Hasiya ta laluba ɗaurin zanenta ta ciro wayarta. Ranar, kafin ta tura muryar gurup, yayanta ta fara tura wa. Tana nan har yau a ƙarƙashin sunansa, ba ta taɓa iya sake buɗe ta ba. Ta duba. Alama guda ce a gefenta, ta saƙon da bai isa ba.

Sai yanzu hankalinta ya kai. Mako biyu kafin hatsarin sun yi faɗa, ya ce ƙanwar malami ba ta tallar yajin mata gaban iyayen ɗalibansa, ya ce zai yi maganinta. Ashe maganin ke nan, toshe lambarta ya yi.

"Yaya." Muryarta ta fito siririya. "Wane daji ne ba ya da rizo kwana arba'in da ɗaya?"

Ta matso gabansa.

"Ka saurara kahin ka goge?"

"Hasiya, ki hwahimta..."

"Ka saurara?"

"Talata ce! Na ga sunanki, na ga vokal, na ce ta sake. Doka ce, ba ni nay yi ta ba. Ke kin san sau nawa kika karya ta? In da ba ki saba ma mutane da shirme ba..."

Ba ta bar shi ya ƙarasa ba. Ta danna muryar, ta ɗaga wayar sama.

Muryarta ce ta fito, a shaƙe, ana jin ƙarar gadon ƙarfe da takun mutane a bayanta.

"Salamu alaikum jama'ar Arewa, don Allah a saurara, ba talla ba ce. Huzaifa ne, ƙanena, mai kabu-kabu. Muna gidan likita, jini aka so, irin nashi babu. Wanda yas san inda Mushe Is'haƙa yake..."

Sai wata murya ta shigo daga nesa, ta namiji, tana fita da ƙyar.

"Hasiya... bar kuka. Kira Yaya. Jininmu guda ni da shi... shi ba ya ƙin zuwa."

Daƙiƙa talatin da takwas ce duka. A rayuwarta ba ta taɓa yin murya gajera haka ba.

Wata tsohuwa ta fashe da salati. Baba Ambroise ya cire tabarau ya rufe ido da tafin hannu, don shi ne ya auna jinin yaran nan biyu tun suna ƙanana, shi ya gaya wa uwarsu cewa su riƙe juna, a garin nan da wuya su sami na uku.

Is'haƙa ya durƙushe kan gwiwa.

Tausayi bai ko leƙo zuciyar Hasiya ba. Abin da ta tuna shi ne ranar zaman makoki, yana kan tabarmar maza yana karɓar gaisuwa, yana cewa talla ta cuce su. Ta tuna yadda ya bar Inna tana kallonta da wani ido. Ta tuna yadda ya zaga gida-gida yana haɗa wannan taron, don a rataya wa masu talla gawar a wuce wurin.

Kusa da ƙafarta akwai murhun shayi na waya, butar na kai tana tafasa. Ta sure butar ta jefa. Ta same shi a kafaɗa, shayi ya watsu a wuyansa, ya yi ƙara. Ta ɗauki kujerar ƙarfen da Lydie ta tashi a kai, ta ɗaga da hannu biyu, ta sauke masa a ka.

Goshinsa ya dare. Jini ya rufe masa fuska, ya zubo kan farar rigarsa, ya ɗiga a ƙasa.

"Ga shi nan!" Hasiya tana ihu tana nuna ƙasa. "Ku duba, jama'a, ga jinin! Ashe akwai shi! Ashe da yawa! Leda guda anka nema, Yaya, leda guda!"

Ta sake ɗaga kujerar. Maza uku suka rufa mata, da ƙyar suka ɓamɓare yatsunta daga ƙarfen. Wadda ta rungume ta ta baya, ta manna ta a ƙirji tana cewa "ya isa, ya isa, kada ki tahi gidan kaso a kanshi," Basira ce, da tsagaggen kunnenta. Jinin Basira ya shafi kumatun Hasiya. Nan ne kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta kasa ko juyawa ta dube ta.

"Lydie," in ji Baba Ambroise. "Wanga guntu kada ki tura shi. A bari a je a gaya ma tsohuwa da baki, a hankali."

Lydie tana tsaye jikin ginshiƙin rumfa, wayar a ƙirjinta, fuskarta sharkaf.

"Baba, ya tahi."

"Mi?"

"Duk minti biyar nike turawa, haka kunka ce in riƙa yi. Tun sa'ad da Basira ta gama magana nit tura. Ya tahi."

Kowa a rumfar ya san abin da wannan ke nufi. Tun ranar da aka binne Huzaifa, Inna ta sa aka saka ta a gurup, ta yi alkawari ba za ta ƙara barin murya ta wuce ba a saurara ba. Tsohuwar da ba ta san bihim ba, ta koyi danna alama guda. Tallar takalmi, cigiyar akuya, gaisuwar 'yan Kwatano, duk sai ta ji su har ƙarshe, wai ko wani ɗan wata na neman jini. Yanzu haka tana zaune a tsakar gida da wayar a cinya.

Is'haƙa ya riga kowa tunawa. Da jininsa da komai ya yi tsalle kan tebur, ya cafke wayar ƙungiya. Tebur ya kife. Ya faɗi da ita a hannu yana share jini daga ido da gwiwar hannu, yatsansa na neman saƙon Lydie.

"Ba ta ji ba tukuna... tana salla... in na goge yanzu..."

Hasiya ta fizge daga hannun Basira. Ta taka wuyan hannunsa da dugaduginta, ta danna da duk nauyinta har wani abu ya yi ƙas. Ya saki wayar yana kururuwa.

Ta ɗauka. Gilashin ya ƙara tsagewa, jini ya shafe rabinsa. Ta goge da bakin zanenta.

Saƙonni na ta shigowa kamar ruwan ƙanƙara, daga Yamai, daga Kwatano, daga Agadas. Ba ta kula su ba. Guda ɗaya ta gani, can ƙasa, wanda ya shigo yanzun nan.

Murya ce, daga Inna. Inna da ba ta taɓa tura komai a gurup ba.

Daƙiƙa shida.

"Ɗiyata, ba ni ita nan," in ji Baba Ambroise yana miƙo hannu. "Kada a buɗe gaban jama'a."

Hasiya ta girgiza kai. Ta durƙusa gaban yayanta, ta kama hannunsa mai lafiya, ta buɗe tafin da ƙarfi, ta ɗora wayar a ciki. Ta ƙure ƙarar har ƙarshe.

"Hasiya, don Allah... don darajar Baba da ke kabari..."

"Kai ne mai waya, Mushe. Yau ba Juma'a ba ce, kuma ga vokal ta shigo."

Ta kama yatsansa, wanda ya goge ta farko, ta kai shi kan alamar.

"Wagga sai ka saurara."

Ta danna.